Gonar Kabeji a Bayan Lanƙwasa

Yaya Bartosz,

Gaisuwa daga Zlín. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya, ina cin abinci.

Na fara shiga tseren motoci da Radim, abokin aikina. Shi ke tuƙi, ni ke karanta masa hanya, ina faɗa masa tsananin kowace lanƙwasa da lamba. A garinmu "ɗaya" lanƙwasa ce mai tsanani, a wajensa kuwa kusan miƙaƙƙiyar hanya ce. Na ce ɗaya, ya taka mai, sai ga mu cikin gonar kabeji.

Ya ce, "'Yar jami'a, cefane kika kawo ni?"

Wuyana kaɗai ke ɗan ciwo. Akwai tsere ranar Asabar, har yanzu bai ce zai sake ɗaukata ba. Duk da haka aiko min hular kwanon Baba, tawa ta tsage. In Mama ta tambaya, ka ce keke na saya.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarka,
Jagoda