Angon Gwajin Fitila

Zuwa ga Celina, ruwan farkon damina, inuwar mangwaron da nake hutawa a ƙarƙashinta, sanyin idona kuma bugun ƙirjina.

Ina gaishe ki. Celina! Ashe haka kike? Ashe za ki iya kallona ido cikin ido a gaban jama'a, ki zare zoben alkawarinmu, ki manna mini shi a goshi yadda ake yi wa ango liƙi, ki juya ki tafi ko waiwaye babu? Har yanzu ina jin sanyin ƙarfen nan a goshina. Kuma Asabar ɗin nan ce fa kawunnaina za su zo daga Zonkwa su gaida Baba, su nema mini aurenki! Kin toshe lambata, kin hana ƙanwarki ta buɗe mini ƙofa, shi ya sa na koma ga takarda kamar mutanen da.

Ki saurare ni, farin watana, ko da hawaye ne a idonki. Abin da kika gani a gidan nan na Kamazou ba biki ba ne. Aiki ne, aikin nan na fim da nake koyo, wanda ke da kanki kika ce in je in nema. Jiya ne karon farko da malaminmu, Oga Tony, ya fitar da mu daga aji ya kai mu lokeshan, inda ake ɗaukar fim na gaske. Mu 'yan koyo ba mu da wani suna a wurin: mu ja igiyar wuta, mu ɗauki ƙafar fitila, mu kawo ruwa. Sannan akwai wani aikin da ban taɓa ba ki labarinsa ba, don ni ma sai jiya na san shi. Manyan 'yan wasa ba sa tsayuwa a rana ana saita musu haske. Sai a nemo ɗan koyo mai tsayinsu, a tsayar da shi a gurbinsu har a gama gyara fitilu. Oga Tony ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai dogo, zo nan, tsayinku ɗaya da ango." Aka zura mini farar shaddar angon saboda tana sheƙi, dole a ga yadda za ta ɗauki haske. Aka manna salatif a ƙasa, aka ce in sa ƙafata a kai. Wayoyinmu kuwa tun da safe aka sa muka kashe su, don ko ƙarar saƙo ba a yafewa a wurin.

To ina zan san cewa Anti Vicky ɗinku za ta wuce a keke napep daga kasuwar Sabon Tasha a daidai lokacin? Ta ga rumfa, ta ga kek, ta ga Wilfred ɗinki cikin shadda kusa da amarya, me kike so ta gaya miki? Ban ga laifinta ba. Amma kek ɗin nan kwali ne, Celina, ni na shafa masa fenti da hannuna!

Ita kuma amaryar, wadda kika yi wa kallon nan da ya kusa ƙona mayafinta, kin san ko wace ce? Tagwai ne! Tagwai na Unguwar Mu'azu, abokin koyona, gajeren nan mai gemu da na ce miki ba ya rabuwa da gyaɗa a aljihu. 'Yar wasan tana ciki ana yi mata kwalliya, shi ne mai tsayinta, aka jefa masa mayafi a ka. Da kin ɗaga mayafin nan da ɗan yatsa ɗaya, da gemu kika gani. Wayyo ni! A kan Tagwai za a raba ni da ke?

Amma ba zan ɓuya a bayan dariya ba, zumar zuciyata, don na san inda abin ya fi yi miki ciwo. Kin tsaya a gabana, kin jira in yi magana, ban yi ba. Kin tafi, ban bi ki ba. Tun isarmu wurin abin da aka dasa mana a ka ke nan: wanda aka tsayar a kan salatif ba ya motsi, ba ya magana, ko gini ne ke faɗuwa, sai an sallame shi. Da safen jiyan ma Oga Tony ya maimaita cewa a wannan makon za a zaɓi waɗanda za a riƙe, kuma duk wanda ya bar gurbinsa ya kama hanyar gida. Da na hango ki kin ratso cikin masu rawar ƙarya, sai kowa ya ɗauka kina cikin 'yan wasa, ni kuma ina tsaye a kan salatif ɗina. Bakina ya buɗe, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Zoben ya gangaro ta kan hancina ya faɗi ƙasa, ina jin mai kyamara yana cewa, "Kada ka motsa, haka ya yi kyau!" Ban motsa ba, Celina. Ni ma mamakin kaina nake yi, kuma ina jin kunya. Lokacin da hankalina ya dawo na fita a guje da shaddar mutane a jikina, keken da ya ɗauke ki ya riga ya sha kwana.

Kin tuna ranar da aka ɗauke ni horon nan? A tsakar gidanku na kwance igiyar shanyar Mama ina gwada naɗin igiyar wuta yadda aka nuna mana, kina zaune a kan turmi kina ɓare masara kina dariya har da riƙe ciki. Mama ta fito tana faɗa, ke kuma kika tare mini kika ce, "Mama, ki bar shi, darakta ne na gobe." A ranar na san ba ni da wata mata a duniya sai ke. Yaya za a yi wadda ta faɗi wannan ta yarda zan yi aure a bayan idonta, a Kamazou, da rana tsaka, inda rabin zumuntar matan cocinmu ke wucewa? Wannan ne abin da ya fi girgiza ni, fiye da zoben ma.

Ina roƙonki, kurciyata, ki zo gidan nan gobe da safe, ki taho da Anti Vicky. Oga Tony ya yarda, bayan ya gama wanke ni tas. Za ki ga angon fim cikin shaddar nan, ni kuma za ki same ni a bayan fitila da tsohuwar rigata ina zufa. Tagwai ma ya ce in Baba yana son shaida, shi da gemunsa da mayafin za su zo har gida. Na yi miki alkawari a gaban Ubangiji: daga yau duk inda muryarki ko hawayenki ya same ni, zan taho, ko kyamarar duniya ce a kaina, ko da aikin ne zai tafi.

Ɗazu Kawu Bakut ya kira ni a waya. Ya ce sun sayi akuya, sun ɗinka sababbin riguna, ranar Juma'a za su shigo mota. Sai ya tambaye ni, "Ɗana, ina fata 'yarmu tana murna?" Na ce masa kina murna, Celina. Tsoho mai furfura na yi wa ƙarya, kuma duk duniya babu mai iya mayar da ita gaskiya kafin Juma'a sai ke.

Naki ne ni jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Wilfred