Siyasa Ta Tsaya a Bakin Ƙofar Ajina

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku ce na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu sun ƙi, numfashi yana yi mini rowa, amma kan nan da ya yi shekaru yana kama mai satar amsa daga bayan aji yana nan daram. Likita ya gaya mini gaskiya, na kuma gode masa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, Allah ya riga ya raba, ban sa baki ba. Ku kira masana su ba kowa haƙƙinsa. Littattafaina su tafi ɗakin karatun makaranta. Tabarauna kuwa Auta ya ɗauka, tunda shi ya fi kowa zama a kansu.

Na biyu, wanda shi ne dalilin wannan rubutu: makarantar da na kafa. Kai Babba, ke Malama, tun da aka shiga kakar zaɓe ba ku gaisawa. Kun ɗauka ban sani ba don kuna zuwa duba ni a lokuta daban-daban, ɗaya na fita ɗaya na shigowa kamar masu canjin aiki. Na sani. Kai ka manna hotunan ɗan takarar jam'iyyarka a katangar makaranta, ka raba wa yara littattafan rubutu masu fuskarsa. Ke kuma kika tsaya gaban allo kika ce duk wanda ke bin jam'iyyar nan ɓarawo yake bi. Kin manta 'yar yayanki, takwarata, tana zaune a layin gaba. Yarinyar ta kifa kai a tebur ta yi kuka, uban ya cire ta daga makaranta, iyaye kuma suka fara kwashe nasu, kowa da ɓangaren da ya ɓata masa rai. Abin ya yi mini ciwo fiye da ciwon da ke kwance da ni.

Na uku. Bari in tuna muku yadda nake yi, don ku san ba tsoro ne ya rufe mini baki ba. A ajina ana maganar siyasa, har da ɗaga murya. In yaro ya taso da zancen, sai in raba aji biyu, masu goyon baya su koma wajen taga, masu adawa wajen ƙofa. In bar su su yi ta yi. Da na ga jijiyar wuya ta tashi, sai in buga abin goge allo a tebur, kowa ya ɗauki jakarsa ya koma ɗaya gefen, ya kare abin da yake zagi ɗazu. Wanda ya kare shi da gangan a raunane, maki ya ragu. Nan za ku ga ido ya raina fata. Yara sun yi ta tambayata wa nake zaɓa, ni kuma in ce su kawo mini hujja, ba wajen neman suna suka zo ba.

Lokacin ina aikin gwamnati, wani babba daga ofishin ilimi ya umarce ni in jera yara a bakin titi su yi wa ɗan takara tafi. Na ce masa lokacin darasi ne. Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa inda mota ke zuwa sai ta ga dama, ni kuma na ajiye aikin. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya kwashe kayan garejinsa ya ce in sa benci. Daga wannan gareji mai warin baƙin mai makarantarmu ta tashi, yau ga ta da bene. Wanda ya sa na bar aikin kuwa, jikokinsa a wurina suka yi karatu, kuma na koyar da su da zuciya ɗaya.

Na huɗu, gare ki Malama. Ban ce ra'ayinki ƙarya ne ba, wataƙila ma kin fi yayanki gaskiya. Amma yaro ba ya iya musu da wadda ke riƙe da jan biro. In kin faɗi naki, ba ki rinjaye shi ba, kin dai rufe masa baki ne, ya koma gida yana jin kunyar ubansa. Kuma kada ki fake da maganata ki zama matsoraciya. In gada ta karye, ki ce ta karye, ki kawo musu abin da aka ware mata da abin da aka yi. Wanda za a zaɓa saboda haka, wannan nasu ne. Ra'ayinki ki kai shi ɗakin malamai, ki kai shi akwatin zaɓe, ki kai shi falon yayanki ku yi ta yi har shayi ya huce.

Na biyar, gare ka Babba. Tun kana yaro kake son a ji muryarka, ban hana ka ba. Yi siyasarka, Allah ya ba da sa'a in alheri ce. Amma ka je da soso da bokiti ka wanke katangar nan da hannunka, kada ka aiki kowa. Littattafan nan ka mayar wa masu su. Sunana kuma kada ya hau takardar kamfen ɗin kowa, ina raye ko bayan raina.

Na shida. Wannan ba umarni ba ne, daɗi ne nake so ku taya ni ji. Mutum biyun da ke neman kujerar majalisa a mazaɓar nan, waɗanda kuke faɗa saboda su, duk ɗalibaina ne. Kowannensu ya zo gaishe ni a asibiti. Na farko ya sunkuyo ya ce tun yana aji ya san ina tare da su. Da na biyun ya zo, shi ma ya rage murya ya ce bai taɓa shakkar ni tasu ce ba. Na yi dariya har sai da nas ta leƙo ta duba ko lafiya. Sun yi shekaru suna zaune a gabana, babu wanda ya gano wa nake zaɓa, kuma kowanne ya fita yana jin an ba shi haƙƙinsa. Ban taɓa samun lambar yabo ba, amma ran nan na ji an biya ni aikina duka. Ku ma kada ku wahalar da kanku neman amsar a ƙarshen takardar nan, ba ta ciki.

Na bakwai. Shugabancin makaranta ba gado ba ne, amana ce. Na ba Malama, don ita ta san aikin. Babba ya shugabanci kwamitin da zai riƙa duba ta. Auta, kai ne mai shiga tsakani, ka daina noƙewa kana cewa kai ƙarami ne, gemunka ya fara fari.

Sharaɗin ɗaya ne. Takwarata ta koma ajin gwaggonta. Babba, ka danƙa mata 'yarka ba tare da ka sa yarinya ta riƙa kwaso maka abin da ake faɗa a aji ba. Malama, ki ba ta haƙuri a gaban ajin da kika kunyata ta, sannan ki koyar da ita har ta iya yi wa ubanta gardama, ta iya yi miki, da hujjar da ta samo da kanta.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya haɗa kanku a kan alheri. Ku riƙe zumunci, zaɓe yana zuwa yana wucewa, ku kuwa ciki ɗaya kuka fito.

Sauran abubuwan duk za su iya jiran mutuwata, na bakwai ne ba zai jira ba. Ranar Litinin ku kai yarinyar nan makaranta, ku biyu a mota ɗaya. In an tashi ku biyo da ita ta nan da kayan makarantarta a jiki, ina so in gani da idona.