Ashe Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza, da ke kwance a maƙabartar Daddara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗanki na fari ne ke rubutu da hannunsa. Kada ki yi mamaki. Da na aje dako a bakin iyakar Jibiya, ajin yamma na shiga da furfura a gemu, har na iya haɗa baƙi.

Albishirinki, Inna. An yi miki takwara.

Amma bari in fara daga baya.

Ina tuna ki zaune a gindin rumbu, kin juya baya, tuwo ya huce a gabanki. In na zo na jingina da ke, ba ki ture ni, ba ki kuma dubana. Matan gida suna yabo: "Hadiza akwai kunyar ɗan fari." Da wannan yabon na girma. Da abin ya kai kin daina wanka, Baba ya ɗora ki a jaki, aka ƙetara da ke Ɗan Isa wajen mai magani. Kika dawo da ƙamshin turare a zane, shirun yana nan.

Akwai kuma ranakun da kike warwarewa. Ki ɗora tanda, ki soya waina, ki turo mini ta farko kina cewa, "Mai jiran ta huce ba ya samu." Waɗannan ranakun ban yar da ko ɗaya ba.

Bana jikarki Rabi, 'yata, ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Ba ta ɗaukar jaririyar, ba ta kallonta. Mata suka ce ta gado kakarta wajen kunya. Ni ma na yi murmushi, Allah Ya yafe mini. Sai ranar da na shigo na iske ta ta fuskanci bango, kunun kanwa ya huce a gabanta, jaririya tana tsala kuka. Inna, bayanki na gani.

Muka kai ta asibiti a Katsina. Likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, wanda kan biyo bayan haihuwa. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi. Makonni suka wuce, nono ya ƙafe, ko ruwa ta daina sha. Sai suka ce akwai maganin lantarki: a sa ta barci, a ba ƙwaƙwalwa 'yar wuta kaɗan cikin ƙiftawar ido.

Mijinta, direban hanyar Maraɗi, ya riƙe kai. Dangi suka ce za a soya mata ƙwaƙwalwa. Ni dai na karɓi takardar bayanin, na bi ta da yatsa har sau uku, abin da ban gane ba na tambaya. Na tuna jakin nan da ya kai ki ya dawo da ke. Muka sa hannu, ni da mijin.

Ba ta jin komai sa'ad da ake yi. Takan farka da ciwon kai, wani lokaci ta manta wanda ya kawo ta. Bayan karo na huɗu ta buɗe baki ta nemi fura. Na fita waje na yi kuka kamar ba kaka ba.

Yanzu tana gida, tana shan maganinta, muna komawa ana duba ta. Har yau ba ta kiran sunan yarinyar, kuma in da mutane sai ta miƙa ta ga matata. Amma jiya daga zaure na hango ta. Ta waiga hagu da dama, ta kama ƙafar takwararki ta sumbata.

A nan na gane, Inna. Mai kunya tana satar kallo. Kuma na tuna, a ranakun waina, ina ci, ke ma kina satar kallona ta gefen mayafi.

Ki yafe mana yabon da muka yi wa ciwonki. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara, Ya raya mana ƙaramar Hadiza.

Ɗanki da ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Lawali