Kifin da Tahiru Ya Bari

Zuwa ga yayana Alkasum, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafin bazara da kewar ƙanenmu Tahiru, Allah ya jiƙansa. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har tana fitowa tsakar gida. An yi sadakar arba'in, dangi na Mirriya duk sun zo.

Yaya, akwai maganar da na kasa yi maka ta waya. Ka tuna tun da Tahiru ya je umara ka kai shi bakin teku, ya dawo da son kifayen ruwan gishiri. Ya haɗa akwatin gilashi a ɗakinsa, ya sa panno mai ɗaukar hasken rana da batir saboda yankewar kuran, wato wutar lantarki, yana tace ruwa yana dama gishirin teku, har murjanin da ya dasa a ciki ya yi rassa. Mutane na yi masa dariya, wai teku a garin da ake bin pampo da bido don ɗibar ruwa, shi kuwa ko a jikinsa. Zuwansa Kano na ƙarshe ya sayo wani kifi da ake kira malam-buɗe-littafi, rawaya da fari, da baƙin zane a kan ido. Ya sake shi cikin akwatin yana ta murna. Kashegari zazzaɓin ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba.

Matarsa Hasana a ɗakin take takaba, ita ta ci gaba da kula da akwatin. Kifin ya ƙi cin komai. Ta ba shi garin abincin kifi, ta yanka masa jatan lande daga firigo, sai ya matso ya duba ya juya, har cikinsa ya lotsa. Ta kira mutumin da ya sayar da shi. Ya ce irin wannan a teku naman murjani kaɗai yake ci, kuma ya faɗa wa marigayi, amma Tahiru ya ce zai saba masa da wani abincin a hankali. Ba a jima ba kuwa kifin ya fara tsattsagar murjanin. Mutumin ya ce zaɓi biyu ne: ta ware shi yunwa ta kashe shi, ko ta bar shi ta rasa murjanin. Hasana ta faɗa mini yadda suka yi. Daga baya ta ce murjanin Tahiru ya yi shekaru yana jin daɗinsa, kifin kuwa yini guda ya kalle shi, a bar shi ya ci.

Haka rassan suka riƙa yin fari ɗaya bayan ɗaya, kifin ya ɗan murmure. Sai makon jiya aka yanke kuran da tsakar rana, batir ya gaza, ruwan ya ɗumame. Ta sa ƙanƙara a leda ta jefa ciki, tana fifita da mafici. Kafin la'asar kifin ya kwanta a gefe guda, ya mutu. Ita da kanta ta binne shi gindin dogon-yaro. Yaya, yarinyar nan ranar rasuwar mijinta ba wanda ya ga hawayenta, amma ranar ta yi kukan da sai da Inna ta rungume ta.

Ga roƙona. Kawu Mala ya ce a sayar da akwatin kafin rabon gado, tunda ruwa da kuran kawai yake ci. Ban ce bai da gaskiya ba. Amma akwai sauran murjani kaɗan mai rai, kuma kula da shi ne kaɗai ke tashinta daga tabarma. Kai yana jin maganarka. Don Allah ka kira shi, ya bari sai ta fita takaba, ta yanke da kanta. Kuma na san halinka, kada ka aiko da wani kifin. Na tambaye ta, ta ce ba ta so.

Ka gaida Yaya Ladi, da Ali, da Fatima. Inna na sa maka albarka, Hasana ma ta ce a gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Salamatu