Ni Na Yi Wa Kawu Tafinta

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. Da ƙarya na kai kawuna gidan kula da tsofaffi, kuma har yau bai sani ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, boko ma ban yi ba. Masu zagi ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ƙanin mahaifiyata ne. Lokacin da na shigo Landan a cikin bas nake kwana, shi ya ɗauke ni ya kai ni flat ɗinsa a Tottenham. Matarsa ta rasu, bai taɓa haihuwa ba. Shi ya samo mini aikin sauke doya da busasshen kifi a wani shago a Old Kent Road. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Turancin ya gudu daga bakinsa, sai Hausa, ita ma da ƙyar. Ni ke masa wanka, ni ke kai shi banɗaki, in dama masa kunu in fita aiki, in dawo in tarar da shi a ƙasa. Na sha wuya a duniya ban taɓa kuka ba, amma wannan ta kayar da ni. Na gaji. Gaskiyar ke nan.

Sai wata mata daga council, wato ƙaramar hukuma, ta zo duba shi. Tafintan da suka yi booking bai zo ba, ta ce ko zan fassara. Ta ce in tambaye shi ko ya yarda a mai da shi gidan da za a riƙa kula da shi. Na tambaye shi. Ya ce, "Gaya mata a ɗakin nan zan mutu. Ina da ɗa." Ya nuna ni da hannun da ke motsi. Na juya na ce mata ya yarda, ba ya son ya zame mini nauyi. Shi kuma na ce masa, "Kawu, ta ce doka ce, dole ne." Ya ce, "Ka roƙe ta mana." Na marairaice fuska, na haɗa hannu, na tambaye ta wace bas ke zuwa wurin. Yana kallona, a zatonsa roƙo nake. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Gidan yana Dagenham. Ba zan yi musu sharri ba, akwai tsabta, akwai ɗumi, magani kan lokaci, tun da ya je bai sake faɗuwa ba. Amma ba mai jin Hausa ko ɗaya. In ya dafa bango zai yi taimama sai su janye masa hannu, wai ya rikice. Mata ke masa wanka, sai ya runtse ido har su gama. Ya rame. Ran Lahadi nake kai masa tuwo miyar kuka, ranar kaɗai yake ci da kirki.

Wata rana wani dattijo daga masallacinmu ya je gaishe shi ina wurin, Kawu ya kama rigata ya ce, "Alhaji, ka ga yaron nan? Gwamnati ya ja da ita saboda ni. Ƙarfinsa suka fi." Kuma duk zuwan da na yi sai Kawu ya yi wa matar council ɗin nan Allah ya isa. Ya ce, "Wanda ya raba ni da ɗakina ban yafe ba. Ka ce amin." Sai in ce amin. Jama'a, a kan wa take sauka?

Yanzu an kira ni, matar za ta dawo sati mai zuwa ta ji yadda yake, da tafinta na gaske. Za ta tuna masa cewa shi ya yarda. In na riga su faɗa masa, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. In na yi shiru, daga bakin baƙo zai ji. In kuma ya ce a mai da shi gida, wallahi ban san ko zan iya ba, kuma kunyar wannan ta fi ta farkon.

Ga inda nake. Lahadin nan na je har bakin ƙofar gidan, na miƙa wa ma'aikaciya tuwon, na juya. Na kasa shiga. Me zan yi?