Ƙugiya Biyu Daga Marsiliya

Bir Hamra, Satif
9 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Lahdar,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Warda da yara, kuma sanyin Marsiliya ya sassauta wa ƙirjinka. Mu nan sai godiya. Dungun hannun mijina Si Tahar ya daina ruwa, ko da yake har yanzu yakan miƙa shi ga kofin gahawa kafin ya tuna.

Buƙata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙugiyar da ke ƙulla igiya a injinmu na ɗaure ciyawa ta cinye, cikin kowane dami goma, uku suna warwarewa. An daina ƙera irin wannan injin tun ina amarya, kuma na aika har kasuwar Ulma ba a samu ba. Ka duba mini wajen masu sayar da matattun injuna. Kada ka yarda da sabon fenti. Ka shafa bakin ƙugiyar da yatsa, in ka ji kwari inda igiya take bi, ka bar ta. In ka samu biyu, ka sayo biyu.

Akwai abin da na ɓoye maka bara. Na ce maka tsautsayi ne, ban kuwa faɗi gaskiya duka ba, Allah ya yafe mini. A injin akwai wata ƙusa mai laushi da aka yi ta domin ta karye idan dutse ya shiga, injin ya tsaya. Amar, ɗan baffan Si Tahar, ya ari injin, ya gaji da canja ta, sai ya sa ta baƙin ƙarfe, ya dawo da shi bai ce uffan ba. Da dutse ya shiga a gonarmu, ƙusa ta ƙi karyewa, sarƙa ta tsinke ta tafi da hannun mijina. Ni na ciro ƙusar da kaina, tana cikin akwatina.

Da wannan kaɗai ne, da na bar wa Allah. Amma Amar ya zauna a gidan gahawa yana cewa, “Tsohon inji da tsohon bakanike, wa zai raba su? Gyangyaɗi yake yi.” Mutumin da shekara talatin ake kawo wa inji ya saurara da kunne ya faɗi ciwonsa, yau ba mai tambayarsa ko farashin igiya.

Amar ya sayi inji irin namu, kuma ya karɓi adireshinka wajen limami. Ina roƙonka da girman mahaifiyarmu, in ya rubuto, kada ka aika masa ko wasali. Na san hukuncin mai riƙo. Ina karanta shi, zuciyata kuwa ba ta motsi.

Ƙanwarka,
Hadda


Bir Hamra, Satif
4 ga Yuni

Zuwa ga Yayana Lahdar,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan Warda ta warware daga zazzaɓinta. Ƙugiya biyu sun iso lafiya, Allah ya saka maka da alheri. Ɗaya tana jikin injinmu, mun ɗaure dami ɗari shida, babu wanda ya warware.

Ƙugiyar Amar ta karye ranar Talata, ciyawarsa tana kwance a yanke, hadari kuma yana taruwa kan dutse kowace la'asar. Ciyawar nan ita ce abincin tumakinsa na hunturu. Ya zo ƙofarmu da sukari a hannu yana murmushi.

Ya ce, “Matar yayana, an ce kin zama 'yar kasuwar ƙarfe. Ki taimaki maraya.”

Na ce, “Marayan da ke da furfura? Mayar da sukarinka, Si Amar. Ƙugiya tana nan, ba ta sayarwa ba ce. Inda ka ce gyangyaɗi, nan za ka koma ka faɗi ƙusar da ka sa, sannan in ba ka.”

Ya ce, “Haba Lalla Hadda, kina mace mai salla?”

Na ce, “Shi ya sa ban ce a sare naka hannun ba.”

Kwana biyu ya yi yana yawon kasuwanni, ya dawo hannu wofi. Ranar Juma'a bayan salla ya miƙe a gidan gahawa ya faɗa, a gaban limami da kowa. An ce muryarsa kamar ta akuya mai mura. Si Tahar ya dawo gida ya ci kuskus faranti biyu, abin da rabona da gani tun bara.

Na cika alkawari, na miƙa wa Amar ƙugiyar. Ya juya ta, ya juya, sannan ya ce, “To wa zai ɗaura ta?” Ka sani ɗaura ta ba wuya, daidaita ta da alluran injin ne aiki, kuma duk kwarin nan mutum ɗaya ne ya iya. Na ce, “Mai ɗaura ta yana ciki. Hannun da zai ɗaura da shi kuwa, ka fi ni sanin inda yake.”

Yaya, ga abin da ban gaya wa kowa ba. Tamu ni na ɗaura, Si Tahar yana tsaye yana faɗa mini. Da mun so, cikin sa'a guda da mun gyara ta Amar. Mijina ma ya dube ni ya ce, “Hadda, ya isa.” Na ce masa kaina yana ciwo, na shiga ɗaki.

Ranar Lahadi ruwa ya sauka, ya yi kwana uku. Ciyawar Amar ta yi baƙi a ƙasa, warinta har ƙofarmu. Na tsaya a taga ina shaƙa, na binciki zuciyata ko zan sami nadama in kai wa Ubangijina, ban samu ba. Na fara istigfari sai na daina, domin ba na son in yi wa Allah ƙarya.

Ka yi mini addu'a zuciyata ta yi laushi, amma ka bari sai bayan hunturu.

Ƙanwarka,
Hadda