Ƙorafi kan Agogon Yashi da Maganin Achta

Zuwa ga: Mai Girma Razdan, Garwa
Daga: Wada mahauci, Unguwar Hausawa
Rana: Juma'a, 14 ga Maris, 1913

Game da: Wasa da ran yayata Achta a ɗakin magani na bariki

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ina kawo ƙarar mataimakin likita.

1. Achta, wadda ta goye ni, ta shekara uku da ciwon maƙoƙo: kumburi, sanyi, barci ba dare ba rana. Tsohon likita ya ce maganinta ɗan naman nan ne da ke manne a maƙogwaron rago, rabi duk kwana uku. Ya ba ni agogon yashi, ya koya mini riƙe hannunta in ƙirga bugun jini kafin yashin ya ƙare. Ƙasa da sittin a ƙara maganin, sama da casa'in a rage. Da haka ta miƙe, har ta koma daka.

2. Ranar 6 ga Janairu, da tsohon likita ya tafi, mataimakin nan ya ƙwace agogon, wai kayan gwamnati ne, wai hannun da ke fiɗa bai san lissafi ba. Ni da nake gane lafiyar bijimi daga tafiyarsa!

3. Ranar 3 ga Fabrairu ya dube ta daga bakin ƙofa, ko hannunta bai taɓa ba, ya ce mace mai jiki sai guda biyu kullum. Ranka ya daɗe, kumburi ne, ba ƙiba ba. Ko makaho ya shafa ya sani. Na bi umarni don tsoro. Cikin mako uku ta zube, hannunta na rawa, zuciya na dukan ƙirji ana gani ta saman zane.

4. Ranar 24 ga Fabrairu na koma da kuka. Maimakon ya rage, sai ya hana gaba ɗaya, ya ce in na sake ba ta maganin, dogari zai kama ni. Yau a wannan zafin na Garwa tana ƙudundune cikin bargo biyu a bakin murhu. Jiya na gaishe ta, ta dube ni ta tambayi ɗan wane ne ni. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Don haka ina roƙo da girmamawa: sabon likitan da ya gaji tsohon ya riƙe hannunta da kansa, ya yanka mata gwargwado, a kuma mayar mini da agogon. Rago ina da shi, wuƙa ina da ita, ƙirga kawai aka raba ni da ita. In ba za a yi ba, a ba ni amsa a rubuce da sunan wanda ya hana, in ajiye tare da likkafaninta.

Allah ya ja zamanin Razdan.

Talakanka,
Wada mahauci
(ya dangwala yatsa)